Murar Da Ke Zuwa Da Furen Itatuwa

Iyayena da 'yan'uwana 'yan aji na Rimin Gado.

Yau maganar mura na kawo muku, amma wata iri. Akwai mutumin da ko wace shekara, da mangwaro ya yi fure cikin hunturu, ko darbejiya ta soma ƙanshi gab da bazara, sai ya kama atishawa, goma a jere. Hanci yana zubar da ruwa fari, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi, babu ciwon jiki. Ni kaina haka nake, na yi shekaru ina sayen kafso a banza kafin in gane.

Mura ta sosai ƙwayar cuta ke kawo ta, ana ɗauka daga wani, kwana bakwai ko goma ta wuce. Wannan kuwa ba a ɗauka, kuma takan yi wata biyu. Ku manoma kun san bununi, watau ƙurar nan da ke zuba daga kan gero ko masara in an girgiza. To, ko wane fure yana da irin nasa, da shi itace ke yin 'ya'ya. Yawancin mutane su shaƙa ba abin da zai same su. Amma jikin waɗansu yana ɗaukarsa tamkar abokin gaba, atishawar da hawayen duk ƙoƙarin jiki ne na fitar da shi. Abin yakan bi jini. Wani likita a Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar da haka a 1873. Shi ma yana fama da ita, sai ya riƙa sa ƙurar fure iri iri a hancinsa yana rubuta abin da ya same shi.

Kada wani ya tashi daga nan ya ɗauki gatari. Rimi, wanda garin nan ya ci sunansa, da dare yake buɗe fure, jemagu ke kai ƙurarsa daga wannan zuwa wancan. Haka ɗorawa. Mangwaro da darbejiya kuwa, ƙudaje da ƙudan zuma ke yi musu. Ƙurar waɗannan ba ta yin nisa ƙwarai, mai zama a gindinsu ta fi kamawa. Wadda iska ke kaiwa nesa ita ce ta ciyawa da gero a ƙarshen damina. Sa'an nan ga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, su kuma fama miki suke yi.

To, me za a yi? Ka rage abin da ke shiga, ka wanke wanda ya shiga. In itacen da ke tayar maka da ita yana fure, ka ɗauke tabarmarka daga gindinsa, ka koma zaure har furen ya kaɗe. In za ka fita ana iska, ka rufe hanci da amawali ko ƙyalle. Da ka komo ka sāke riga, ka wanke fuska da kai. Mata, kada ku yi shanya a ƙarƙashin itacen, ku kuma yayyafa ruwa kafin shara.

Wankin hanci shi ya fi yi mini amfani. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda, a dama. A shaƙa kaɗan kaɗan kamar yadda ake yi a alwala, a fyace, safe da yamma. Lalle tafasasshe, ban da ruwan kududdufi. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa. Zuma a ruwan ɗumi tana lallashin maƙogwaro, ko da yake ba ta raba mutum da ciwon, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Batun ido ne ya fi damuna, tun ba na yara maza ba, waɗanda farin idonsu ya koma ƙasa-ƙasa don sosa. Jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora bisa ido a rufe. Kada a ɗiga ruwan sukari, ko nono, ko fitsari, ko ruwan wani ganye. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kasuwa, gama akwai irin da ke kashe ƙaiƙayi yau, in an daɗe ana sawa ya makantar da yaro. In ya yi mako bai sauka ba, a kai shi asibiti.

Akwai inda gishiri da ƙyalle ba su isa ba. In ƙirji yana kuka, numfashi yana yin sama sama, wannan fuka ce, a nemi likita ran nan. In kuwa akwai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuya ya sandare, kada a ce murar fure ce. Lokacin furen darbejiya shi ne lokacin sanƙarau, manyanmu kuwa ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe dubban mutane a Arewa. A ɗauki mai wannan alama a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Yanzu kowa ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa. Ran da atishawa ta soma, a gare ka ko ga ɗanka, rubuta kwanan wata da sunan itacen da ke fure kusa da gida. Ran da ta tsaya, rubuta. Baɗi war haka ku zo mini da littattafan mu duba tare.