Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Yaro Wa Zai Tambaya?



An nemi in ɗan yi magana a kan aikina, wato tsara allunan nuna hanya a lambun shaƙatawa na gari. Ranar wata ƙaramar Sallah na kai iyalina irin wannan lambu, sai ɗana mai shekara 5 ya ɓace cikin cunkoso. Allunan wurin duk da Turanci aka rubuta su, an kuma kafa su can sama. Mun fi sa'a guda muna nema, uwarsa tana kuka, kafin wani mai sayar da rake ya kawo mana shi.

Tun ranar na gane allo don baƙo ake yin sa. Saboda haka a kowace mararraba a kafa shi inda yaro zai gani. A bakin ƙofa a sa taswira mai jan ɗigo da ke cewa "kana nan". A rubuta da boko da ajami, a haɗa da hoton famfo, masallaci da ban-ɗaki. Hotuna irin waɗannan Japanawa suka yi amfani da su a gasar Olamfik ta 1964 a Tokiyo, don baƙin da ba sa jin harshensu. Sannan a ware wurin haɗuwa guda ɗaya, a nuna wa yara tun da shiga.

Waɗanda ke ƙananan hukumomi cikinku, don Allah ku riƙe wannan.