Kalma ɗaya: a aji, a gwangwani, a kwalbar maganin kaska

Yau daga Yawunde muke magana, tsakanin Tsinga da Briqueterie, unguwar Hausawa, inda hayaƙin tsire ke tashi da yamma, teloli kuma ba sa ɗaga kai daga keke.

Kalmarmu ta yau ta Ingilishi ce: concentrate. Ana furta ta kamar "kwansantiret". Duk yaron da ya zauna a ajin Ingilishi, a Mubi ne ko Bamenda ko nan Yawunde, ya sha jin ta a bakin malami. In malami ya faɗe ta, nufinsa ka tattara hankalinka wuri ɗaya, ka bar leƙen taga. Direban da ya ɗauko shanu cikin dare ma ana iya faɗa masa ita. Wannan ma'anar kusan kowa ya san ta.

To amma tushen kalmar shi ne tara abu a tsakiya, kuma ba hankali kaɗai ake tarawa ba. Tun 1961 Kamaru ke aiki da Faransanci da Ingilishi, shi ya sa za ka ga kalmar a jikin kaya da fuska biyu: concentrate ko concentré. Kai mai sayar da tumatirin gwangwani, duba ka gani, an rubuta double concentré. Ba a ce tumatir ya nutsu ba! An ƙone ruwansa ne, aka bar kaurin.

Haka abincin dabbobi. Dusa, masara, da ƙulin angurya da ke fitowa daga Garwa, duk likitocin dabbobi na kiran su concentrate, wato abinci kaɗan mai ƙarfi da yawa. San da ya saba da ciyawa, in ka cika masa hatsi rana ɗaya don kana gaggawar kai shi kasuwar Etoudi, cikinsa zai lalace, wani ma ba ya tashi. Kaɗan-kaɗan ake farawa, ana haɗawa da harawa.

Yanzu ga inda nake son ka baza kunne. Kwalbar maganin kaska da ka sayo a bakin iyaka, sau da yawa za ka ga an rubuta amitraz 12.5%, sannan haruffa biyu, EC. Wancan C ɗin kalmarmu ce. Ka miƙa wa ɗanka ɗan makaranta, ya karanta, ya ce: "Baba, sun ce a mai da hankali." Yaron bai yi ƙarya ba, abin da malaminsa ya koya masa ke nan. Sai dai a jikin kwalba nufinta shi ne: maganin nan tsagwaronsa ne, sai an sirka da ruwa. Irin wannan galibi mililita 2 ake zubawa a lita 1 ta ruwa, amma kowace kwalba da awonta, ka bi abin da ke rubuce. Ka auna da sirinji, ba da murfi ba, ba kuma da ido ba. In ya yi yawa, dabba ta sha guba ta fata, kai mai fesawa ma ba ka tsira ba. In ya yi ƙaranci, kaska ta rayu, gobe ta daina jin maganin, kuɗinka sun tafi.

Kuma amitraz ba a shafa wa doki ko jaki, ko an sirka.

Akwai wani kuma da ake tsiyayawa a gadon bayan saniya, an rubuta pour-on. Shi ba a sa masa ruwa ko ɗigo. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya nuna maka da yatsa wanne ne a hannunka. In ya fara kame-kame, ajiye masa kayansa, ka nemi ma'aikacin dabbobi na yankinku.