Sifika mai tsada, igiyarta a hannun kamfani

  Yau hirarmu a kan sifika take, amma ba ƴar akwatin nan da ake saka wa memori a rataye a kafaɗa ba. Manyan muke nufi, na ɗakunan masu hali a Turai da Amurka, irin su Sonos da Bose da HomePod na kamfanin Apple. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne abin da Bature ya gaji da shi ba ya ɓacewa, kwantena yake shiga. Ya sauka Kwatano ko Lome ko Ikko, ya shiga cikin gwanjon kayan wuta, wata rana sai ka gan shi a kan tebur a Maraɗi ko Ƙonni ko Kusuri, mai shi yana cewa, "Alhaji duba sunan da ke jiki, wannan ba na Sin ba ne."

Kuma gaskiya ya faɗa. Sunan na gaske ne, nauyin na gaske ne, idan ta yi magana muryarta ta fi ta ƴan akwatunanmu nesa ba kusa ba. HomePod na farko da ya fito a 2018, dalar Amurka 349 aka sa masa. Matsalar ita ce, wannan sifika kwamfuta ce aka sa wa baki. Ba ta san memori ba, ba ta san FM ba. Abin da ta sani shi ne Wi-Fi na gida, da manhajar kamfaninta a cikin wayarka, da manyan kwamfutocin kamfanin da ke can ƙasarsu, waɗanda take gaisawa da su ta intanet. Kamar ka sayi saniya ne a kara, ka biya, ka ba dillali la'adarsa, amma igiyar ta zauna a hannun wanda ya sayar maka. Ran da ya ja, sai ta tsaya.

Bari mu ba ku labarin Sonos, don shi ne ya fi fito da abin fili. Kamfani ne na Amurka, a jihar Kalifoniya. A watan Janairu na 2020 ya sanar da cewa daga watan Mayu na shekarar, tsofaffin kayansa ba za su ƙara samun sabuwar manhaja ba. Cikinsu har da Play:5 na farko wanda ya fito a 2009, da Bridge, da tsofaffin Connect. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ta yi ƙanƙanta, ba za ta ɗauki sabon aiki ba. Mutane suka yi ca a kansa, har shugaban kamfanin na lokacin, Patrick Spence, ya fito ya ba da haƙuri. Amma haƙurin bai hana a raba gida biyu ba. A watan Yuni aka fito da sabuwar manhaja mai suna S2, tsohuwar aka kira ta S1. Tsofaffin kaya S1 kawai suke ji, sababbin samfuran da suka fito bayan zuwan S2 kuma S2 kawai. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma ba za ka haɗa wancan da wannan su yi kiɗa tare ba. To ɗan kasuwar da ya kwaso guda huɗu daga dila ɗaya yana lissafin zai sayar wa mai otal ko mai gidan biki a matsayin saiti, ya fara duba ko ƴan ɗaki ɗaya ne.

Akwai wanda ya fi wannan, ku saurara da kyau. Kafin wannan rigima, kamfanin yana da wani tsari: idan kana son rangwamen kashi 30 cikin ɗari a kan sabuwar sifika, sai ka sa tsohuwar a wani hali da suka kira na zubarwa. Daga ranar da ka danna, kwana 21 take da shi. Bayan nan ta kulle har abada, babu mai gyaran da zai tashe ta, ko a Kano ko a Legas. An ce wa masu ita su kai ta wurin masu tattara sharar kayan wuta. A watan Maris na 2020 kamfanin ya janye tsarin saboda surutu ya yi yawa, amma waɗanda aka riga aka kashe sun mutu. Jikinsu kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mu kuma mun san inda sharar kayan wuta ta Turai take yawan ƙarewa. Saboda haka kyan fata a nan ba ya nuna komai. Makiyayi ba ya sayen sa don sheƙin gashi, sai ya buɗe baki ya ga haƙora, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa.

Kada kuma a ɗauka tsofaffi kaɗai abin yake ci. A watan Mayu na 2024 Sonos ya sake fito da wata sabuwar manhaja, sai ta zo da ɓaraka. Abubuwan da mutane suka saba da su, kamar agogon tashi daga barci da lokacin da kiɗa zai kashe kansa, suka ɓace, wasu kuma wayarsu ta daina ganin sifikarsu gaba ɗaya. Sifikun nan sababbi ne, ba wanda ya taɓa su, daga nesa aka birkita su. An shafe watanni ana gyara, kuma a Janairun 2025 shugaban kamfanin ya sauka daga kujerarsa.

Bose ma ya bi sahu. Yana da wasu sifiku da ake kira SoundTouch, a 2013 suka fara shiga kasuwa, akwai mai lamba 10, da 20, da 30. A samansu akwai maɓallai shida, kowanne ka ɗaure masa tashar rediyo ta intanet, kana dannawa ta kama. A watan Oktoba na 2025 kamfanin ya ce a cikin 2026 zai rufe kwamfutocin da ke yi wa waɗannan sifiku hidima. Amma ga bambanci, kuma shi nake so ƴan kasuwa su riƙe: SoundTouch yana da ramin saka waya ta kai tsaye, wanda aka rubuta AUX a gefensa, kuma na baya-bayan suna da Bluetooth. Waɗannan ƙofofi biyu ba sa neman izinin kowa. Kamfani ya rufe nasa, kai kuma ka haɗa wayarka ka ci gaba da jin karatu ko waƙa. Ta rage daraja, amma ba ta mutu ba. Na ce na baya-bayan fa, don wasu na farkon ba su da Bluetooth, sai an duba.

Irin wannan ta taɓa faruwa da wata sifikar Harman Kardon mai suna Invoke. Ta fito a 2017 da muryar Cortana ta kamfanin Microsoft a ciki. Da aka janye muryar a 2021, sai aka mai da ita sifikar Bluetooth zalla. A ganina wannan ita ce hanyar mutunci, kamfani ya saki igiya idan ya gaji da riƙo.

Yanzu ku kwatanta da HomePod. Ba shi da ramin waya ko ɗaya, ba ya karɓar kiɗa ta Bluetooth, kuma ba ya saituwa sai da iPhone ko iPad. Mai Tecno ko Itel ko Samsung, idan ya saye shi, ya sayi turmi ne mai kyan gani. Ko a gidan Apple ɗin ma akwai wariya: na farko da aka daina yi a 2021 da na biyu da ya fito a 2023 ba sa haɗuwa su zama dama da hagu. Haka Play:1 da Sonos One, waɗanda suka bazu sosai a gidajen Turawa, ba sa karɓar kiɗa ta Bluetooth, ba su da ramin AUX. Sai Wi-Fi. Sababbin Sonos irin su Move da Roam da Era su ne aka sa wa Bluetooth.

Wani lokaci ma ba tsufa ba ne, shari'a ce. A Janairun 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa Google ya shiga haƙƙin fasahar Sonos. Abin da ya biyo baya, masu sifikun Google da suka saba ƙara murya ko rage ta ga dukan ɗakuna a lokaci ɗaya suka wayi gari babu wannan dama, sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni biyu suna faɗa a kotu, ƙurar ta sauka a falon wanda ya biya kuɗinsa.

To, mu dawo gida. Ɗan uwana makiyayi, kai da kake mashekari, inda rezo sai ka hau tudu, ko ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, wannan kaya ba naka ba ne, ko kyauta aka ba ka. Yawancinsu ba su da batir, wutar gida suke so dare da rana. Ba sa kama tasharmu, don babu rediyo a cikinsu. Masu magana a ciki, Siri da Alexa, suna jin Faransanci da Ingilishi da Larabci, amma ba sa jin Hausa, ba sa jin Fulatanci. Ƴar akwatinka mai memori da FM da batir, wadda kake caja da ɗan farantin sola, ta fi maka su sau goma. Idan ka sayar da ɗan maraƙi a Maigatari ko Illela wani ya ja ka gefe ya nuna maka mai nauyi ya ce ta Amurka ce, ka ce masa ya saka mata memori ka ji. Nan zance zai ƙare.

Abin dariya ma, JBL na ainihi irin su Flip da Charge ba su da wurin memori, ba su da FM. Jabun da ake bugawa da sunansu su ne suke da su. Wato a ruga jabun ya fi na gasken aiki, sai dai batirinsa ba ya daɗewa. Su JBL na ainihin kuma, duk da ba sa bukatar intanet, suna da tasu wariyar. Flip 4 ba ya haɗuwa da Flip 5 su yi kiɗa tare, don hanyar haɗin da aka sa wa kowanne daban ce. Masu ba da hayar kayan sauti a biki da suna su lura da wannan kafin su tara iri-iri.

Ku kuma ƴan kasuwa, ba cewa muke ku guji kayan ba. Akwai masu sayensu a Yamai da Kano da Njamena da Garwa, mutanen da ke da Wi-Fi a gida da wutar da ba ta yankewa, kuma suna biya da kyau idan abin yana aiki. Abin da ba ma so shi ne ka zuba jikkunanka, ka biya mota, ka biya duwan, ka sha tsayuwa a shingaye, ka isa ka tarar gawa ka ɗauko. A kasuwar iyaka mayar da kaya ba wasa ba ne. Wanda ya sayar maka yana wata ƙasa, canji ya motsa tsakanin sefa da naira, kuɗin komawa kaɗai ya cinye ribar.

Saboda haka gwajin da aka saba, a jona wuta a ga fitila ta kama a ce lafiya, bai isa ba. Fitila tana kamawa a jikin wadda ba za ta taɓa yin magana ba. Ka kifa ta ka karanta ƙasanta. Sunan samfurin yana nan a rubuce, ka sa yaronka mai waya ya bincika ko kamfanin yana kula da ita har yanzu. A wurin kuma za ka ga ƙarfin wutar da take ɗauka. Idan an rubuta 100 zuwa 240, ta dace da tamu. Idan 120 kaɗai ka gani, ta Amurka ce zalla, kana jona ta a wutarmu ta 220 sai hayaƙi. Sannan ka zagaya bayanta ka nemi ramin AUX ko alamar Bluetooth. Idan akwai ɗaya daga ciki, ko kamfani ya juya baya gobe, kana da abin sayarwa. Idan babu ko ɗaya, to kada ka biya sai an saita ta a gabanka da wayarka, ba da wayar mai kaya ba, don a tasa wataƙila tun tuni aka ɗaure ta da asusun wani. A goge ta ta koma kamar sabuwa, a buɗe mata intanet daga wata wayar, ka ɗora manhajar a taka, ka ji ta yi magana da kunnenka. Zai ci maka rabin awa da ɗan kuɗin data. Mai kayan da ya ƙi wannan gwaji, ka saye ta a farashin ƙarfe ko ka wuce.

In kuma dila ce a ɗaure ba a yarda a buɗe ba, kamar yadda ake yi a gwanjo, to ka yi lissafinka a kan masu Bluetooth da AUX kawai, sauran ka ɗauke su gyara. Kuma idan ka zo sayarwa, ka gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya ƙirga kuɗi: wannan sai da Wi-Fi, wannan sai da iPhone, wannan ba ta haɗuwa da waccan. Wanda ya saya a kan sani ba zai dawo maka da ita ranar kasuwa mai zuwa da ɗan sanda a bayansa ba.