Gadon da Uwa ke bari a ƙirjin 'ya'ya

Wannan shi ne jawabin da wani Malami ya gabatar a unguwar Badariya, cikin garin Birnin Kebbi, a wajen zaman ta'aziyyar wata dattijuwa, mahaifiyar wasu 'yan uwa, wadda ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da dama. A sha karatu lafiya.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya yi wa mamaciyar addu'ar samun rahama. Sannan ya juya ga samarin da suka cika rumfar, ya jefa masu tambaya. Ya ce, "Wane ne a cikinku ya koyi Fatiha a makaranta? Ku tuna da kyau. Mafi yawanmu a tsakar gida muka fara jin ta, daga bakin Inna ko Kaka, tun ba mu san baƙi da wasali ba." Ya ce 'ya'yan marigayiyar sun shaida masa cewa ita ke tashin gidan gaba ɗaya da asuba, kuma babu jikan da ya tashi a hannunta bai iya alwala ba, alhali ita kanta ba ta taɓa zama a aji ba.

Malam ya ce abin tambaya a nan shi ne, daga ina irin waɗannan iyaye namu suka samo wannan? Ya ce amsar tana kai mu ga wata Uwa ta wannan ƙasa, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hasan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudun hijira da yaƙi da idonta. A 1805 jama'ar Shehu suka zauna a Gwandu, nan kusa da mu, kuma a wannan zaman ne aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Saboda haka, in ji Malam, ƙasar nan da muke takawa ta san sawun Nana.

Ya ci gaba da cewa Nana Asma'u matar aure ce mai ɗawainiyar gida kamar iyayenmu. Ta haifi 'ya'ya, ta yi raino, ta ga jikoki. Ɗanta Abdulƙadir ya riƙe Wazircin Sakkwato, kuma daga zuriyarta ne aka sami Waziri Junaidu, babban masanin nan da ya rasu a 1997. Duk da wannan ɗawainiya ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa.

"To amma 'yan uwa," in ji Malam, "babban aikinta yana wajen matan ƙauye." Ya bayyana cewa a bayan jihadi akwai ɗimbin mata a karkara waɗanda ba su san tsarki da salla yadda ya kamata ba, wasunsu ma suna cikin bori, kuma ba su da halin barin ɗakunansu su tafi neman ilimi. Sai Nana ta fito da tsarin da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga gari, ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa ta zama alamar muƙaminta. Jaji ita ke jagorantar tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su yi tattaki zuwa wajen Nana, su ɗauki karatu, su koma gida su karantar da matan aure a cikin gidajensu. Abin da suka riƙo na sadaka, kamar hatsi da zuma da tufafi, sai a raba wa mabuƙata.

Malam ya ce da yake yawancin matan nan ba su iya karatu ba, sai Nana ta zuba masu karatun a cikin waƙa, don mace ta riƙa rerawa tana daka ko tana kaɗi. Ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ta yi Waƙar Gewaye a kan tarihin Shehu da jihadi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don sauƙin haddacewa. Kuma kamar yadda ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, haka ta yi wa mata talakawa marsiyya, tana yabon haƙurinsu da zumuncinsu da kyautata wa maƙwabta. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

A nan ne Malam ya ɗaga murya. Ya ce Shehu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. "Wannan suka ta shafe mu, mu samari. Ɗan uwa zai kwana a wajen wa'azi, ya yi tafiya gari ya gari neman karatu, amma bai taɓa zama minti 10 ya saurari karatun sallar mahaifiyarsa ba. Ƙanwarsa ta isa aure ba ta san hukuncin haila ba, bai damu ya kai ta Islamiyya ba. Wani ma in ya karanta Ahlari da Ishmawi sai ya fara yi wa Kakarsa kallon jahila, ya shigo gida yana ta da jijiyar wuya, wannan bidi'a ce, wancan haramun ne. Haba ɗan uwa! Wadda ta koya maka Bismillah ita za ka yi wa tsawa?"

Ya tunatar da cewa da aka tambayi Manzon Allah (S) wanda ya fi cancanta a kyautata masa, sau uku yana ambaton uwa kafin ya ambaci uba. Ya ce in akwai gyara a ibadar mahaifiya, to a yi shi cikin ladabi, a durƙusa, a sassauta murya, a zaɓi lokacin da babu idon jama'a. In kuma abin na mata ne da ɗa namiji zai ji nauyin faɗa, a nemo Malama ta shigo gidan, domin abin da Jajin Nana suka yi ke nan.

Ga waɗanda iyayensu suka riga mu gidan gaskiya, Malam ya ce haƙƙinsu bai yanke ba. A dage da yi masu addu'a bayan kowace salla, a biya bashin da suka bari, a cika wasiyyarsu, a riƙa gaida ƙawayensu da danginsu. Ya dubi 'ya'yan marigayiyar ya ce, "Ga 'yan jikokinta nan suna wasa a ƙofar gida. Mai tashinsu da asuba ta tafi. Ku zauna yau ɗin nan ku tsayar da wanda zai karɓi wannan aiki a cikinku."

Daga ƙarshe ya nemi kowane saurayi da ke wurin, in ya koma gida a daren nan, ya fara shiga ɗakin mahaifiyarsa ya gaishe ta, ya nemi gafararta, ya tambaye ta wa ya koya mata salla, domin da yawa za su ji sunan wata tsohuwa da ba su taɓa ji ba, wadda ita ma ta cancanci addu'arsu.

An rufe zaman da addu'a. Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa, ya jiƙan Nana Asma'u da dukkan iyayenmu da kakanninmu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.