Kan Jariri Da Maɗigarsa: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Ni ba likita ba ne, atamfa nake sayarwa, amma na san darajar tef. An ce ido ba mudu ba ne, ya san kima. To, in dai kan jariri ne, a bar wa tef.

Yawancin jarirai ana haihuwarsu zagayen kansu santimita 33 zuwa 36 ne. A wata 3 na farko yana ƙara kamar santimita 2 kowane wata, daga nan ya koma 1, bayan wata 6 ya koma rabi. In ya shekara, za ka same shi wajen 46. Wani yaro kansa babba ne don na ubansa ma haka yake, ba komai. Abin dubawa shi ne layin da ake ja a katin awo: yana hawa a hankali, ko ya tsaya, ko ya yi tsalle? In kai na girma da sauri fiye da kima, watakila ruwa ke taruwa a ciki, kuma ana yin aikinsa. Shi ya sa ba a barin katin nan a ƙasan akwati.

Kan da ya fito da tsini ranar haihuwa, hanya ce ta matse shi, cikin 'yan kwanaki zai daidaita da kansa. Don Allah kakanni, a rage dannawa.

Sai maganar maɗiga, wadda ita ce ta tsayar da ni. Wurin nan mai laushi, ƙashi ne bai gama haɗuwa ba don ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma. Yakan rufe tsakanin shekara 1 zuwa wata 18, wani har ya kusa shekara 2. Bugawar da take yi ba ciwo ba ne. Amma in ta faɗa ciki, yaro na zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Maƙwabtanmu Yarbawa suna ce masa oka, a kwaɓa magani a shafa a ka, mu ma mun ɗauka muna yi. Jama'a, abin da aka shafa a bisa ba ya mayar da ruwan ciki! A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a nufi asibiti.

In kuwa ta kumbura ta yi tauri, ga zazzaɓi, ya ƙi kama nono, ana tsoron sanƙarau ne. Wannan ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Saboda haka maza, kowa ya ba iyalinsa izini tun yau, ya bar kuɗin mota a gida, kuma wadda ba ta jin Yarbanci a haɗa ta da mai rakiya.