Barbushe ya hango, amma wa ya ba da labarin?

  

Yau zan ɗauke ku mu je Kano, mu hau dutsen Dala, sa'an nan mu dawo gida.

A littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, akwai labarin Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura. Ranar bikinsu yakan shiga wurin tsafin shi kaɗai, in ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, alheri ko sharri. Wata rana ya gaya musu wani mutum zai zo da runduna ya mallake su, in bai zo a zamaninsu ba zai zo a zamanin 'ya'yansu. Hankalinsu ya tashi, suka tambaye shi mafita. Ya ce musu babu magani sai haƙuri. Daga baya Bagauda ya iso, ya zama sarkin Kano na farko, a shekarar 999 bisa lissafin Palmer.

To, ku duba aikin da wannan dubar ta yi wa labarin. Tun da Barbushe ya buɗe baki, mai saurare ya bar tambayar "mi zai faru?" Ya riga ya sani. Abin da ya rage masa shi ne jiran yaushe, da kuma ta wace ƙofa. Mai ba da labari ya kama kunnenka ke nan, ba ka tashi sai ka ga cikar magana.

Amma akwai aiki na biyu, wanda ya fi damuna. Ba Bagauda ba ne ya ce ƙasar tasa ce. Bakin shugaban waɗanda aka ci aka ara, shi ya shaida. In mai gida da kansa ya ce baƙo zai gaje shi, wa zai yi gardama? Yaƙi ya koma ƙaddara. Kuma ku tuna, littafin nan da Larabci aka rubuta shi, jerin sarakuna ne, ya tsaya kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Kusan shekara 900 ke nan tsakanin mai duba da mai alƙalami, kuma alƙalamin yana bin gidan sarauta ne.

Abin mamaki, littafin da kansa ya nuna mutanen Dala ba su naɗe hannu ba. Sun yi ta ja-in-ja da sarakuna har zamanin Tsamiya da Yaji, cikin ƙarni na 14. Fiye da shekara 300! Amma da yake an faɗa mana ƙarshe tun farko, sai mu tsallake waɗannan shekaru kamar ba a yi su ba. Ba tsafi nake karewa ba, ku fahimce ni. Ina nuna muku yadda labari ke iya kwantar da mutum barci.

Yanzu ku kwatanta da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda ita ba tatsuniya ba ce, tana cikin Alƙur'ani. Shi ma an sanar da shi abin da ke tafe: shekara 7 na wadata, shekara 7 na fari. Bai ce wa mutanen Masar su zauna su jira ba. Ya ce a yi noma, a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan. Ya ma nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa. Barbushe ya sani, mutanensa suka koma gida da baƙin ciki. Annabi Yusuf ya sani, aka cika rumbu.

Mu dawo gida. Ina yaro a 2005, na ga mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ta bar ɗaci a samu abin sa wa baka. Wannan yunwar ba dare ɗaya ta faɗo ba. Tun damanar 2004 ruwa ya yanke da wuri, fara ta sauka, an yi gargaɗi. Taimako mai yawa bai iso ba sai tsakiyar 2005, bayan duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi. Yau in ka ji ana ba da labarin, sai a ce "shekarar ce ta zo haka." Labarin Barbushe ke nan aka sake yi mana.

Amma muna da irin ɗaya labarin. A Ɗan Saga, nan cikin Agye, manoma sun ga iska tana kwashe ƙasa, sun gane inda aka dosa. Suka bar tumɓuke kututture, suka riƙa gyara tohon itace cikin gonakinsu, abin da muke kira sassaben zamani. Yau baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa koyo.

Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Amma alamu, ya ba mu ido mu gani. Kowace shekara kafin damana, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatan yanayi suna fitar da hasashen ruwa. Mu da muka yi boko, mu nawa ne muka taɓa maida shi Hausa muka kai wa iyayenmu kafin shuka? Ni kaina ban yi ba sai bara, kuma na ji kunya.

Don haka ga roƙona. Duk ranar da wani ya ce muku "ai dama an faɗa," ku tambaye shi: wa ya faɗa, yaushe, kuma mi aka yi bayan an ji? Haƙuri halin kirki ne, amma wurinsa bayan an yi iya ƙoƙari. Hausawa suka ce: Allah ya ce tashi in taimake ka.

 Allah ya ba mu damana mai albarka.