Ƙirar Ƙarfe ta Zamani a Dandalin Jama'a

Ranar 15 ga Agusta, 1967, aka yaye lulluɓin wata ƙatuwar ƙirar ƙarfe a tsakiyar birnin Shikago na Amurka. Tsawonta ƙafa 50, nauyinta ya haura tan 140, mai zayyana ta kuwa shi ne Pablo Picasso, wanda ya ƙi karɓar ladan dala 100,000, ya bar wa birnin ita kyauta. Jama'a suka yi ta tambayar abin da ta siffanta. Wasu suka ce kan mace ne, wasu suka ce kare, wasu gwaggon biri.

Wannan tambaya ita ce asalin rashin fahimta. Mai irin wannan ƙira ba kwaikwayon halitta ya sa gaba ba, kamar yadda magini mai zayyana bangon soro ba hoton wani abu yake ɗauka ba. Abin lura shi ne yadda ƙarfe mai nauyi ya tsaya kamar ba nauyi, da yadda sararin da ke tsakanin sandunansa ya zama ɓangaren aikin, da yadda siffar ke sākewa duk sa'ad da mai kallo ya gusa. Saboda haka ba daga tsaye ake kallonta ba, sai an kewaya ta. Hatta tsatsar jikinta da gangan ce, domin kuwa irin ƙarfen nan tsatsarsa ce ke kare shi daga ruwa da iska. A yau yara na sulu a gangaren gindinta.

Amma fa ba kowace ƙira ce ta sami wannan karɓuwa ba. A 1981 Richard Serra ya gitta bangon ƙarfe mai lanƙwasa, tsawon ƙafa 120, tashi ƙafa 12, a farfajiyar ofisoshin gwamnati a New York. Ma'aikata suka koka cewa ya tare musu hanya. Lalle suna da hujja, gama mai shiga gidan nune-nune da ƙafarsa ya je, mai ratsa dandali kuwa dole ce ta bi da shi. Serra ya kafe cewa don wurin aka yi aikin, watau ɗauke shi daidai yake da rushe shi. A zaman jin bahasi na 1985 masu goyon bayansa sun fi yawa, duk da haka aka yanka bangon gida uku, aka kwashe shi cikin dare a watan Maris na 1989.